Sassaben da Na Yi a Bakin Tekun Jidda

Tun da na sauka daga mota a bakin kasuwa ba ku bar ni na sha furata cikin natsuwa ba. Wannan ta shigo ta ce, "Hajiya Tabawa, yaya Jidda?" Waccan ta tare ni a bakin rijiya ta ce wai an ce har teku na shiga da zanena. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowa ta ɗauki nata yanki ta je ta ƙara masa yaji. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Zinatu, wadda ta tsufa tana koyarwa a lakkol, makarantar boko, na ce ta riƙe alƙalami ni in riƙe magana. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani yana nan daram. Kuma akwai yankin da ban gaya wa kowa ba. Yau zan faɗe shi.

Wanda bai san ni ba ya tambaya a ƙasar Maradi wace mace ce ta fara sassabe a yankinmu. Lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, ni ce na ƙi tone kututturan gonata. Kututturen kalgo ko na sabara in ya yi toho, sai in zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi in bari, sauran in yanke don kada su shanye uwar. Kafin shekara biyu sanda ta zama itace. An yi mini dariya, daga baya aka zo ana koyo, har masu furoje, ma'aikatan raya karkara, sun sha kawo baƙi gonata a mota. Sama da shekara talatin ina wannan aiki, itace bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Ku riƙe wannan.

Autana Isufu shekararsa shida a Jidda, shi ne ya shirya mini umra. Duk sanda na tambaye shi aikinsa a waya sai ya ce, "Inna, itace muke shukawa a cikin teku." Na ce, "Auta, in shara kake yi ka ce shara kake yi, ba abin kunya ba ne." Ya yi ta dariya ya ce sai na zo.

Jaka biyu na ɗaure. Ɗaya tufafi, ɗaya daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da na daka da hannuna, don na san yaron nan ya daɗe bai sha miyar kirki ba. Na bi ayarin mata 'yan umra, ta Kano za mu tashi. A iyaka aka sauke mu duka. Wani ɗan duwan, wato kwastan, ya buɗe jakar miya, warin daddawa ya buge shi har ya ja da baya. Ya ce, "Iya, wannan makami ne ko abinci?" Na ce, "Ya danganta da wadda ta kaɗa miyar." Ya rufe da sauri yana dariya, ya ce in tuna da shi a gaban Ka'aba. Kowa a hanyar nan addu'a yake so, direba, mai sayar da ruwa, har wanda ya taka mini ƙafa a tashar Katsina.

A Kano muka kwana biyu a wani gida kusa da filin jirgi, mata cike da ɗaki, fanka ɗaya, kowa tana jan ta wajenta. A nan na haɗu da Hajiya Binta, 'yar kasuwar atamfa, wadda ta je Jidda har ta daina lissafi. Ina gyara ɗaurin zane ta hango abin da ke ƙuguna.

"Hajiya, me zan gani haka?"

"Wuƙata ce ta sassabe. Maƙerin garinmu ya ƙera mini ita."

"Da ita za ki hau jirgi? Wallahi sai dai mu ji labarinki a rediyo."

Ta karɓe ta, ta naɗe a tsumma ta cusa a ƙasan jakar daddawa, ta ce babu wanda zai yi haƙurin tonawa har can. Na so a ce ranar ta jefar da ita a kwata.

Jirgi kam ba ni da abin faɗa a kansa sai kunnuwana da suka toshe, da ɗan abincin da aka kawo a rufe kamar magani. Da muka sauka aka jera mu, kowa ya ɗora yatsunsa a kan wani gilashi mai haske. Kowa ya wuce, ni na'urar ta ƙi ni. Ma'aikacin ya gwada wannan yatsa, ya gwada wancan, ya goge gilashin, ya ba ni mai na shafa. Fartanya da gatari sun cinye zanen yatsuna tuni. Ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce wani abu da Larabci, Hajiya Binta ta ce wai yana cewa hannun kakarsa haka yake. Da ƙyar ƙaramin yatsana na hagu ya amsa, wanda duk cikinsu shi ne bai taɓa aikin komai ba.

Makka ba zan ba ku labarinta a nan ba. Wadda ta je ta sani, wadda ba ta je ba Allah ya kira ta. Bayan na sauke umra Auta ya dawo da ni Jidda, ya kai ni Balad, tsohon gari, gidan Hajja Rabi. Kakanta ne ya taso daga Damagaram da ƙafa zai yi hajji, ya yi shekaru a hanya, da ya iso bai koma ba. Ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma in tana faɗa Hausarta ta fi tawa kaifi. A gidanta Auta ya fara zama da ya zo, ta riƙe shi kamar ɗanta.

"Ahlan, ya ukhti, sannu da hanya. Yalla, hau, hau."

Hawa uku. Gidan da dutsen teku aka gina shi, in kin duba bango sai ki ga ramuka kamar saƙar zuma, tagogin katako ne masu ƙananan ƙofofi, kina ganin titi titi ba ya ganinki. Kyanwoyin unguwar sun fi mutanenta yawa, kuma babu mai korarsu.

Ta kawo gahawa a ɗan ƙoƙon da bai kai marfin tulu ba, ruwa-ruwa, da ɗaci, babu sukari. Na shanye don girmamawa na miƙa mata, ta sake cikawa. Na shanye, ta cika. A na bakwai zuciyata ta fara bugawa kamar ana sussuka. Auta ya shigo ya gan ni ina zufa.

"Inna, girgiza ƙoƙon ake yi in an ƙoshi."

"To me ya hana ta tambaye ni?"

Hajja Rabi ta ce, "Ni ma ina ta mamaki, na ce tsohuwar nan za ta ƙarar mini da gahawar wata."

Daga ranar muka zama ƙawaye. Da safe wake suke ci da suka dama shi lugub da mai, da wani burodi mai faɗin faifai. Da rana shinkafa, gobe shinkafa, jibi shinkafa da ta canza launi. Kwana huɗu na ce a kawo jakata in yi musu tuwo. Hajja Rabi ta ce mu je kasuwar Bab Makka mu nemo gari. Ku ji abin haushi: ga daddawa, ga kuka, ga kuɓewa, ga tsire yana ƙamshi, duk a jere a hannun mutanenmu, wata 'yar Damagaram har tana kirana in zo in ga sabuwar kuka. Na ɗauko kaya tun daga ƙasar Maradi na kawo inda suke zube. Amma na ɗanɗana daddawarsu, ba ta kama ƙafar tawa ba.

Hajja Rabi tana da 'ya, Hanan. Ba ta kai arba'in ba, ta yi karatun teku da abin da ke cikinsa, ita ce shugabar su Auta a wurin aiki, kuma ita ta tsaya masa har kamfanin da suke wa aiki ya zama kafilinsa. Kafili shi ne wanda zamanka a ƙasar yake wuyansa. In ya sabunta maka iƙama, wato katin zama, ka zauna. In ya ƙi, ka haɗa kayanka. Iƙamar Auta saura wata biyu ta ƙare, kuma bakin Hanan ake jira. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta riƙa tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya. Khala take ce mini, wato inna.

Na matsa sai na ga itacen teku. Hanan ta ɗauke mu a motarta, ita take tuƙi, na riƙe kujera hannu biyu. Muka wuce Abhur, inda manyan gidaje suka tare teku ba ka ko ganinsa, muka yi ta tafiya arewa har kwalta ta ƙare. Sai ga shi. Itatuwa kore shar, tsaye cikin ruwan gishiri, wasu iya gwiwa, wasu sun fi ni tsawo. Gurum suke kiransa. Na tsinki ganye na lasa, gishiri a bayansa kamar an barbaɗa. Na ce, "Auta, na janye maganar shara."

Hanan ta yi ta ƙoƙarin yi mini bayani. "Khala, bahar, teku, yana cin ƙasa. Ya'ni kowace shekara kaɗan kaɗan. Wannan itace yana riƙe. Kifi yana haihuwa a ƙasansa. Zafi ma, yana ragewa." Na gane ta tun kafin ta gama. Mu rairayi ke cin gonarmu, su ruwa ke cin tasu, maganin kuma ɗaya ne. Ta nuna mini inda suke renon 'ya'yan a cikin leda, irin kamar babban wake, da shingen da suka yi saboda raƙuma, don ashe raƙumin can ma bai da kunya, har cikin ruwa yake bin ganye. Ma'aikatan akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Bangaladash, akwai wani ɗan Cadi mai suna Abakar da ya ce tun da ya bar gida bai ga tsohuwa mai tafiyata ba.

Duk suna cikin shiri, don jibi wani ɗan majalisa zai zo, daga majalisar da ke duba dokokin ƙasar. Hanan ta ce shi ne yake ta magana a can kada a cike wannan bakin ruwa da ƙasa a gina gidajen shaƙatawa, yana so a sa shi cikin wuraren da doka ta tsare. Zai zo ya gani da idonsa kafin ya koma ya ƙara magana.

Washegari na ce zan sake bin su. Aka ajiye ni a inuwar rumfa da ruwan sanyi, kowa ya tafi, masu tsince leda suna yi, masu shimfiɗa katakon da baƙo zai taka suna yi. Ni ban iya zama ana aiki ba. Na taka zuwa wajen manyan itatuwan, waɗanda aka fara shukawa, waɗanda za a nuna wa baƙo. Ruwan teku ya janye, kamar yadda yake janyewa ya dawo kullum, sai laka. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Kowane itace an bar toho ya kewaye gindinsa, tsinke-tsinke kamar yatsu, ɗaruruwa, sun fito daga laka, babu ganye ko ɗaya a kansu. Na ce a raina, yaran nan sun yi karatu amma ba su san itace ba. Wannan ai shi ke shanye uwa. Babban mutum zai zo ya ga wannan ƙazanta a wurin da ɗana yake aiki?

Wuƙar tana ƙuguna, tun ranar tuwo na ciro ta. Na ɗaure zane na shiga. Laka har ƙauri, ƙaguwa suna gudu. Na yi sassabe irin wanda ban taɓa yi ba, ƙasa-ƙasa, sumul, ban bar ko ɗaya ba. Itace tara na gyara. Na tattara abin da na yanke na jera a gefe, kai ɗaya gindi ɗaya, yadda nake jera kirare. Sannan na wanke hannu na ƙwala wa Auta kira.

Ya zo da murmushinsa. Ya dubi tarin, ya dubi gindin itatuwan, murmushin ya tafi. Ya durƙusa a cikin lakar da wandonsa, ya shafa wurin da na yanke.

"Inna, me kika yi?"

"Gyara na yi maka. Dubi yadda suka fito."

"Inna, ba toho ba ne. Hancinsu ne."

"Hancin wa?"

"Saiwa ce. Lakar nan babu iska a cikinta, shi ya sa saiwar take ɗago kai sama ta shaƙa. Da su itacen yake numfashi. Kin toshe musu hanci, su tara."

Na ce itace ba ya da hanci. Na ce tun ba a haife shi ba nake yanka toho. Ya ɗauki guda ya karya ya nuna mini cikinsa, laushi kamar soso, duk ƙofofi. Toho ba haka yake ba, ni na sani.

Ya ce in koma rumfa, in ba shi wuƙar. Ya ce, "Ko wa ya tambaye ki, ba ki san komai ba. Ke baƙuwa ce da bizar umra. In aka ce kin sa wuƙa a itacen da hukuma ke tsaro, ban san inda maganar za ta tsaya ba." Daga rumfa na hango Hanan ta zo, na ga ta dafe kai, na ji muryarta ta tashi da Larabci. Auta yana tsaye kansa a ƙasa. Aka mayar da ni gida.

Da la'asar muna tsince shinkafa ni da Hajja Rabi, sai ta ce, "Ya ukhti, me ya shiga kan ɗanki? Hanan ta ce shi ya yanke, wai yana share wuri. Shekara huɗu yana aikin nan, shi ke koya wa sababbi kada su taka saiwar. Ta ce ko ganganci ne ko wulaƙanci, ita ta gama. In baƙo ya tafi za ta rubuta wa kamfani. Halas, ba za a sabunta masa ba." Ta share ido da gefen mayafi. Ni na ci gaba da tsintar shinkafa. Na tsince tsakuwa, na tsince wadda ba tsakuwa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tsoron hukuma ne ya rufe mini baki ba. Ni Tabawa, a ce na zo ƙasar mutane na kashe itace saboda jahilci, a gaban yarinyar da na haifi sa'anninta? Wannan ne ya tsaya mini a wuya. Sai na tuna matar Auta da 'ya'yansa uku suna gidana, da bakunan da ke ci daga guminsa, da yadda zai sauka daga mota a bakin kasuwa mutane suna tambayarsa me ya faru, shi kuma ba zai taɓa cewa uwata ce ba.

Ranar zuwan baƙo na yi wanka na sa farin mayafina na ce zan je. Auta ya ce in zauna a gida. Na ce ban tambaye shi ba.

A wurinmu in ɗan majalisa zai zo sai an kira makaɗa an yanka rago. Wannan mota biyu kawai, shi da mutum huɗu. Dattijo ne siriri, farar riga, yana ɗan ɗingishi. Hanan tana gaba tana bayani, na lura tana jan shi hagu, nesa da itatuwana tara. Ya tsaya wajen renon, ya ɗauki leda ɗaya ya juya, ya yi tambayoyi da yawa. Da za su wuce rumfa ya gan ni, ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi ko wace ce. Hanan ta ce mahaifiyar wani ma'aikaci ce, daga Nijar.

Na miƙe. Na ce, "Hanan, ki gaya masa abin da zan faɗa, kada ki rage."

"Khala, ba yanzu ba."

"Yanzu. Ki ce masa akwai itace tara a can dama da aka yanke musu hanci. Ki ce ni na yanke, da wuƙata, da hannun nan. Ɗana ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri."

Ta fara juyawa da Larabci, ta kai tsakiya ta tsaya, don sai a lokacin maganar ta shiga kunnenta. Ta juyo ta dube ni, ta dubi Auta da ke can baya riƙe da tiyo. Dattijon ya ce ta ƙarasa. Ta ƙarasa.

Ya ce a kai shi. Katakon bai kai can ba, sai ya tuɓe takalmi ya tattare riga ya shiga laka, mutanensa suna kallon juna kafin su bi shi. Ya daɗe yana duban gindin itatuwan. Ya tambaya me ya sa na yi. Na ba shi labarin kalgo da sabara, da rairayi, da yadda ake barin biyu a yanke saura, Hanan tana juyawa. Ya gyaɗa kai. Ya ce ubansa manomin dabino ne, kuma aikin da aka fara koya masa yana yaro shi ne cire 'ya'yan da ke fitowa a gindin dabino don kada su raunana uwar. Ya ce ran da aka fara kawo shi wurin gurum, ya tambaya me ya sa ba a share gindinsa.

Na ce, "To kai ka tambaya. Ni ban tambaya ba."

Da aka juya masa ya yi dariya har ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Sannan ya daina, ya tambayi Hanan ko za su rayu. Ta ce ba ta sani ba, wasu za su iya fito da sabon hanci in ruwa bai daɗe yana kwanciya a kansu ba. Ya ce in manomiya mai shekara talatin a aikin itace ta yi wannan kuskure, to masunta da masu raƙuma da masu zuwa shan iska fa? Ya ce doka ita kaɗai ba za ta gaya wa mutum wannan hanci ne ba, sai an sa masu gaya wa mutane, kuma zai faɗi haka a inda za shi. A kan Auta bai ce komai ba. Ya wanke ƙafa da ruwan gora, ya yi mini sallama hannu a ƙirji, suka tafi.

Ni na zaci an gama. Ashe fushin Hanan bai ko fara ba. Kwana uku ba ta hau gidan uwarta ba. A na huɗu ta zo, ta aika aka kira Auta, ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

"Isufu, inta kazzab. Ka yi mini ƙarya a fuskata."

"Na yi, Ustaza."

"Lesh? Me ya sa?"

"Uwata ce."

"Ni kuma fa? Na kusa kore ka a kan abin da ba ka yi ba. Wannan zunubi wa zai ɗauka?"

Hajja Rabi ta ce, "Ke, sassauta. Da ni ce na yanke, ke me za ki ce?"

"Ummi, ke ko tukunyar na'ana'a ba ki iya rayarwa ba."

Ta juyo kaina. Na shirya jin komai. Ta ce, "Khala, kin kunyata ni gaban baƙo." Na ce, "Na kunyata ki, na kuma ɓata miki aikin shekaru. Ki yafe mini." Ban tuna ranar da na ce wa wanda na girma ya yafe mini ba. Sannan ta ce ba za ta rubuta komai a kan Auta ba, takardar sabuntawa za ta tura. Amma itatuwan nan tara suna wuyansa, shi zai haƙa 'yar hanya ruwa ya riƙa saurin janyewa daga gindinsu, shi zai duba su safe da yamma. Ni kuma in ina son zuwa in zo, amma a rumfa, in riƙa cika leda da laka ina sa iri, kuma wuƙa tana wurinta sai ranar tafiyata.

Sati biyar na yi ina cika leda. Abakar ya ce tun da aka buɗe wurin ba a taɓa samun mai sauri irina ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kullum in na ɗaga kai ina hango su tara. Ganyensu ya fara rawaya, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin ciwon itace a ƙirjinsa haka ba sai da na zama ni ce sanadi.

Ana jibi zan taso, Auta ya zo da wayarsa ya nuna mini wani abu. Ya ce sabuwar iƙama ce, ta fito. Ban iya karanta ko baƙi ɗaya ba, hotonsa kawai na gane. Na ce, "Wa ya ɗauke ka haka kamar wanda aka kama da akuyar mutane?" Ya yi dariya, ni kuma na juya baya don kada ya ga idona.

Washegari Hanan ta ce in zo wajen itatuwan nan tara. Ta riƙe hannuna muka shiga lakar. Bakwai sun zubar da rabin ganye, amma a gindinsu ta nuna mini wasu 'yan kawuna, ba su kai gaɓar yatsa ba, sun fara leƙowa. Biyu kuwa sun bushe ƙayau, na taɓa reshe ya karye. Biyu. Ni na kashe su, Malama ki rubuta haka, kada ki gyara.

Na ce a ba ni izini in maye gurbinsu. Hanan ta aika aka kawo biyu daga cikin ledojin da na cika, sun yi ganye huɗu-huɗu. Na haƙa da hannu, na sa, na danne gindin da tafina, kusa da matattun. Na miƙe ina waige-waige.

Auta ya ce, "Inna, me kike nema?"

"Bokiti. An taɓa shuka a tafi ba a ba da ruwa ba?"

"Tsaya kawai."

Na tsaya. Can sai na ji sanyi a diddigena, ruwan teku ne yake dawowa, ya hau idon sawuna a hankali, ya wuce ni, ya kewaye su biyun.